Daren da baƙi suka shiga ɗakin Mariya Sabina

A hutun bakanse da ya wuce, ɗan ƙanwata da ke karatu a Faransa ya zo gida Maraɗi. Wata rana bayan la'asar muna zaune ƙofar gida, shayi na bisa gawayi, sai ya miƙo mini salularsa ya ce, "Kawu, dubi wannan." Bidiyo ne na wasu Turawa maza da mata kwance bisa katifu cikin wani ɗaki mai rufin ciyawa, kowa da ƙyalle ɗaure a ido, wata mata cikin fararen kaya tana kaɗa caki tana rera wani abu a hankali. Ya ce wani abokin karatunsa ya je irin wannan zama a ƙasar Holan, ya ci wata irin lemar kwaɗi mai sa gane-gane ƙarƙashin kulawar mai jagora, ya dawo yana cewa ya zama sabon mutum: ya bar fushi, ya shirya da ubansa, ya gane abin da ya kawo shi duniya.

Na ce, "To ai ƙwaya ce, an dai sa mata babbar riga." Ya yi dariya ya ce, "A'a Kawu, wannan ba tramol ba ce. Al'adar mutanen Meksiko ce ta ɗaruruwan shekaru, kuma manyan jami'o'in Amurka sun bincika sun ga amfaninta."

Na yi sama da shekara 20 ina koyar da tarihi da labarin ƙasa, amma ran nan ban sami abin ce masa ba. Hukuncin abin maye a addininmu sananne ne, shi ma ya san shi, kuma ba fatawa ya zo nema wurina ba. Da'awar tarihi ya kawo, ni kuwa mushen tarihi ne. Sai na ƙarasa hutun ina bin diddigin maganar. Abin da na tarar shi ne rabin zancensa gaskiya ne. Tsiron tsoho ne, zaman daren ma tsoho ne. Amma a ce mutum lafiyarsa lau ya biya kuɗi ya ci ta don ɗaukakar ruhi da canza rayuwa, wannan bai wuce shekara 70 da ƴan kai ba, kuma ana iya nuna daren da ya soma, da ɗakin da ya soma, da matar da abin ya ƙare a kanta.

Mu fara da tsohon ɓangaren. Da Turawan Sipaniya suka ci daular Aztek a 1521, sun tarar da mutanen ƙasar suna da tsirran da suke girmamawa ƙwarai. Wani limamin Kirista mai suna Bernardino de Sahagún, wanda ya isa can a 1529 ya koyi harshensu, ya yi shekaru yana zama da dattawa yana rubuta al'adunsu. Cikin abin da ya rubuta akwai walimar fatake: kafin gari ya waye su ci wata ƙaramar lemar kwaɗi da zuma, wasu su yi rawa, wasu kuka, wani ya ga zai mutu wurin yaƙi, wani ya ga zai yi arziki, in abin ya sake su sai su zauna kowa ya faɗi abin da ya gani. Coci ta ɗauki wannan aikin shaiɗan. A 1620 kotunta ta haramta wani ɗan tsiron hamada mai irin wannan aiki da ake kira peyote, sauran al'adun ma suka shige duwatsu suka ɓuya. Ɓuyan ya yi nisa har a 1915 wani masanin tsirrai na Amurka, William Safford, ya ce babu ma wata lemar kwaɗi, limaman Sipaniya ne suka ga busasshen peyote suka yi kuskure. Sai a 1938 wani matashin mai bincike, Richard Schultes, ya samo samfurinta a wani gari mai suna Huautla de Jiménez.

Huautla gari ne na ƙabilar Mazatek, can bisa duwatsun arewacin jihar Oaxaca a kudancin Meksiko, ƙasar hazo da ruwan sama, ta manoman masara da kofi. Kusa da nan aka haifi Mariya Sabina wajen 1894. Ubanta ya rasu tana ƙarama. Yadda ta ba da labarinta daga baya, ta fara cin lemar ne tana yarinya, ita da ƙanwarta, suna kiwon kaji a jeji, yunwa na cin su. An yi mata aure tana wajen shekara 14, kuma sau biyu mijinta na mutuwa ya bar ta da ƴaƴa. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, ba ta iya karatu ba, ko Sipaniyanci ba ta ji. Ƴar cocin Katolika ce mai riƙo da addininta, ba ta kuma ga wani saɓani tsakanin wannan da aikinta na magani ba.

A kan aikin nata nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne zancen ɗan ƙanwata ya fara tsagewa. Zaman da take yi sunansa velada, wato kwanan zaune. Ba a yin sa sai da dalili: wani ba shi da lafiya an rasa kan ciwon, ko an yi sata, ko wani ya yi tafiya an daina jin labarinsa. Da dare ake yi, cikin ɗaki, ƙofa rufe. Da damina ake yi, don lokacin ne lemar ke fitowa. Ana ƙidaya ta bibbiyu, a turara ta da ƙaro mai ƙamshi gaban teburin da aka jera hotunan waliyyan Kirista da kyandir, sannan a ci, a kashe wuta. Kwana huɗu kafin daren da kwana huɗu bayansa ba a kusantar iyali, shi ya sa ita kanta ba ta riƙe aikin sosai ba sai lokutan da ba ta da miji. Dangin majinyaci suna nan zaune. Ita ce ke cin kaso mafi yawa, domin ita ce za ta gani, ta yi ta waƙa da tafi har asuba, a ganinsu lemar ce ke magana ta bakinta tana faɗin inda ciwon ya fito. Ko sunanta ba sa kira gatsau, sai dai su ce "ƴan ƙananan da ke ɓullowa", ita kuma ta ce musu "yara masu tsarki".

Wanda ya tashi a Maraɗi ko Tibiri ya san yadda girka take wurin ƴan bori. Ba wanda ke zuwa don ganin ƙwaf. Ciwo ke kai mutum, dangi ke kai shi, mai girkar kuwa kowa ya san gidanta, in abu ya ɓaci an san ƙofar da za a buga. Ban ce abu ɗaya ba ne, bori da goge da garaya yake aiki, ba da lemar kwaɗi ba. Na kawo shi ne don mai karatu ya gane irin zaman da ake magana a kai.

Kada kuma a ɗauka wani zama ne mai daɗi. A 1958 an ɗauki muryar wani kwanan zaune da ta yi wa wani saurayi marar lafiya. Cikin dare ta sanar cewa babu magani, yaron zai mutu. Ya ji da kunnensa, ya yanke jiki ya faɗi, bayan ƴan makonni kuma ya rasu. Ni dai da na karanta wannan sai da tsigar jikina ta tashi, na kuma tambayi kaina ko da an kai shi likita da ya tashi. Duk wanda ke son ya mai da Mariya Sabina wata kaka mai raba kwanciyar hankali, to ya haɗa da wannan daren cikin lissafinsa.

Yanzu ga baƙon. Gordon Wasson mataimakin shugaba ne a bankin J.P. Morgan na New York. Matarsa Valentina likitar yara ce ƴar asalin Rasha. Tun suna amarci a 1927 suka lura ita tana murna in ta ga lemar kwaɗi a jeji, shi kuwa ƙyama yake ji, daga nan suka mai da binciken matsayin wannan tsiro a al'adun duniya abin yinsu na lokacin hutu. Rubutun Schultes ne ya kai su Huautla a 1953. A zuwansa na 1955 Wasson ya sami wani jami'in hukumar garin mai suna Cayetano García, ya faɗa masa abin da yake nema. Cayetano ya kai shi wurin Mariya Sabina. Daga baya ta ce ta yarda ne domin mai roƙon hukuma ne, ba ta ga yadda za ta ce masa a'a ba. Tunda kuma ba a zaman sai da dalili, Wasson ya kawo zancen ɗansa, wai hankalinsa bai kwanta ba game da shi.

Daren 29 ga Yuni 1955, a gidan Cayetano, Wasson da mai ɗaukar hoto Allan Richardson suka ci lemar. Wasson ya ci guda shida bibbiyu, ita ta ci goma sha uku bibbiyu. Ya ga fadoji da lambuna da launukan da bai taɓa gani ba, ya ji kamar ransa ya fita daga jikinsa yana shawagi. Ita kuwa abin da ta lura da shi daban ne: waɗannan mutane lafiyarsu ƙalau. Shekaru bayan haka ta gaya wa wani ɗan garinsu, Álvaro Estrada, wanda ya rubuta tarihin rayuwarta ya buga a 1977, cewa kafin Wasson ba wanda ke cin lemar don neman Allah kawai, don marar lafiya ya warke ake cin ta. Duk abin da ya biyo baya, har bidiyon da aka nuna mini ƙofar gida, daga wannan bambancin ya tsiro.

Ta bari an ɗauki hotuna bisa sharaɗin ba za a baza su ba. Ran 13 ga Mayu 1957 mujallar Life, wadda ke shiga miliyoyin gidaje a Amurka, ta buga labarin da hotunan shafi bayan shafi. Wasson ya canza mata suna zuwa Eva Mendez, ya ɓoye sunan garin, amma fuskarta na nan ɓaro-ɓaro, kuma ba a daɗe ba aka gano wurin. Wani abin da shi kansa bai sani ba lokacin: tafiyarsa ta 1956 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta zuba mata dalar Amurka 2,000 ta hannun wata gidauniyar bogi, ta kuma cusa wani masanin sinadarai cikin ayarin. Su ba Allah suke nema ba, maganin da zai sa fursuna ya saki baki suke nema.

Cikin ayarin 1956 ɗin akwai Roger Heim, shugaban gidan tarihin halittu na Paris. Shi ya raini lemar a ɗakin bincike ya aika wa Albert Hofmann na kamfanin magunguna na Sandoz a ƙasar Suwis, mutumin da ya gano aikin LSD a 1943. Hofmann ya ci guda 32 busassu don ya gwada a jikinsa, a 1958 kuma ya ware sinadarin da ke aikin, ya sa masa suna silosibin. Abin da sai da damina, sai bisa dutse, sai da ƙa'idodi, ya koma ƙwaya cikin kwalba. A 1962 Hofmann ya je Huautla da ƙwayoyin ya ba Mariya Sabina. Yadda ya ba da labari, da abin ya yi jinkirin kamawa sai ta ce ƙwayar ba ta da ruhin lemar, aka ƙara, ya kama, da asuba ta ce ƙarfinsu ɗaya, har ta yi murna za ta iya duba marasa lafiya ko da rani. Turawa na son wannan labari don yana nuna kamar ta sa musu hannu. Ni abin da na gani a ciki shi ne ko da ƙwayar bature a hannunta, tunaninta na wurin majinyata.

Cikin waɗanda labarin Life ya kai gare su akwai wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a jami'ar Harvard, Timothy Leary. A Agusta 1960 ya ci lemar a garin Cuernavaca na Meksiko, bakin wurin wanka na wani gidan hutu, ba majinyaci, ba kwanan zaune. Ya koma Harvard ya buɗe bincike da ƙwayoyin Sandoz. Shi da abokansa suka yaɗa wata fahimta mai gaskiya a cikinta: abin da mutum zai gani ya danganta da halin zuciyarsa da kuma wurin da yake da mutanen da ke kewaye da shi. Mutanen Huautla sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suka kewaye abin da dokoki. Bambancin shi ne su dokokin gado ne, su Leary kuwa kowa shi zai tsara nasa.

Gwajin da ya fi shahara an yi shi ran 20 ga Afrilu 1962, ranar Juma'ar da Kirista ke tunawa da gicciye, a ƙarƙashin wata majami'a ta jami'ar Boston. Wani ɗalibin digirin ƙoli, Walter Pahnke, ya tara ɗaliban addinin Kirista 20. Goma aka ba su silosibin, goma aka ba su ƙwayar bitamin mai sa jiki ɗumi da ƙaiƙayi kawai, suka zauna suna sauraren wa'azi da waƙoƙin ibada. Kusan dukan goman farko sun ce sun ji wani kusanci da Ubangiji da ba su taɓa ji ba. Wannan sakamako aka yi ta yaɗawa. Sai a 1991 wani mai bincike, Rick Doblin, wanda shi kansa mai goyon bayan waɗannan magunguna ne, ya bi sawun mutanen. Ya tarar da yawansu har lokacin suna ganin ranar ta amfane su. Ya kuma tono abin da Pahnke bai rubuta ba: ɗaya daga cikin ɗaliban ya fice daga majami'ar a ruɗe yana ganin an aiko shi da saƙo ga duniya, sai da aka kamo shi aka yi masa allurar kwantar da hankali. Ƴan lakwal ɗina sun gaji da jin ina cewa in an ba ku labarin nasara ku tambayi wanda aka cire daga lissafin. Ga misali nan.

Harvard ta sallami Leary a 1963, ya koma mai wa'azin LSD ga matasa. Su kuma matasan suka kama hanyar Huautla. Cikin shekarun 1960 suka riƙa kwarara, ƴan Amurka da ƴan Turai da ƴan birnin Meksiko, masu dogon gashi, suna kafa bukkoki bakin kogi. Suna cin lemar da rana tsaka, a gonakin kofi, a kasuwa, ba ruwansu da kwana huɗu, ba ruwansu da turare. Ƴan gari suka ga kuɗi, lemar da a da ake kai wa mai magani a lulluɓe ta koma hajar sayarwa, masu maganin ƙarya suka yawaita. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta turo sojoji suka kori baƙin, suka kafa shinge a hanya.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji Bahaushe, sai dai a nan wanda ya ja ruwan yana New York. Mariya Sabina ruwan ya doka. Ƴan sanda suka shiga gidanta suka yi bincike, suka tafi da ita ana tuhumarta da sayar wa baƙi tabar wiwi. Maƙwabta suka ce ita ta sayar da asirin gari. Aka ƙone mata gida. Ta gaya wa Estrada cewa tun zuwan baƙi yaran nata masu tsarki sun rasa tsarkinsu, ƙarfinsu ya tafi. Wasson ma a 1970 ya rubuta a jaridar New York Times yana nadamar abin da ya jawo wa garin. Ta rasu ran 22 ga Nuwamba 1985 cikin talauci, tana da shekara 90 da ƴan kai.

A 1970 Amurka ta sa silosibin da LSD cikin jerin haramtattun ƙwayoyi mafi tsanani, a 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a birnin Viyana da ta bi wannan sawu. Bincike ya kusan mutuwa shekara 30.

Sai mu zo ga rabin zancen ɗan ƙanwata na biyu, na jami'o'i. Gaskiya ne. A 2006 Roland Griffiths da abokan aikinsa a jami'ar Johns Hopkins suka buga sakamakon gwaji a kan mutum 36. Bayan wata biyu, kusan kashi biyu cikin uku sun ce ranar tana cikin abubuwa biyar mafi ma'ana a rayuwarsu, wasu suna kwatanta ta da haihuwar ɗan fari. Ba zan raina wannan ba, kuma binciken da ya biyo baya a kan masu ciwon damuwa mai tsanani da masu ciwon daji da ke fargabar mutuwa ya nuna alamun da likitoci suka ɗauka da muhimmanci, har ƙasar Ostiraliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da silosibin daga 1 ga Yuli 2023 ga masu damuwar da ta ƙi jin magani. Amma a dubi yadda aka yi gwajin na 2006. Mutanen manya ne, matsakaicin shekarunsu 46, masu ilimi, da ma can masu ibada ko wani riƙo na ruhi. An tace su, duk mai taɓin hankali ko wanda ke da shi cikin danginsa na kusa an cire shi. Kowa ya yi sa'o'i yana sabawa da masu kula da shi kafin ranar. An auna ƙwayar daidai da nauyin jikinsa, mutum biyu na zaune gefensa wajen awa takwas, ana auna hawan jininsa. Duk da haka kusan kashi ɗaya cikin uku sun shiga tsoro mai tsanani. Wato likitocin sun sake gina shingen da Huautla ta rasa, da irin nasu kayan gini.

Kasuwa kuwa ba ta jira likita ba. Holan ta haramta lemar a 2008 amma dokar ba ta ambaci wani curi da ke fitowa ƙarƙashin ƙasa mai sinadari iri ɗaya ba, da shi ake zaman da abokin yaron nan ya je. Jamaika ba ta taɓa haramta ta ba, gidajen hutu na bakin teku suka buɗe. Jihar Oregon ta Amurka ta kaɗa ƙuri'a a Nuwamba 2020, daga 2023 duk mai shekara 21 yana iya zuwa cibiya mai lasisi ba tare da takardar likita ba. Mai jagora a can, a 2023 ƙa'idar horonsa awa 160 ce. Malamin firamare a nan ya fi haka daɗewa yana koyon riƙe alli. Kuɗin zama ɗaya yakan kai dalar Amurka dubu ko fiye, ba dalarmu ta kasuwa ba, wato sama da jika ɗari biyar.

A Peru wani jiƙon sassaƙe da ganye ne mai suna ayawaska ke jan baƙi zuwa dajin Amazon, kuma labarin Huautla ne ke maimaita kansa. A 2012 wani saurayi Ba'amurke ɗan shekara 18 ya mutu a wani sansani, mai sansanin ya binne gawar a ɓoye ya ce yaron ya tafi da ƙafarsa, sai da uwar ta zo nema asiri ya tonu. A 2018 wani mutumin Kanada da ya je koyon maganin ya harbe wata tsohuwar mai magani ƴar ƙabilar Shipibo, Olivia Arévalo, mai shekara 81, mutanen ƙauyen kuma suka kashe shi. Nan Afirka ma, saiwar iboga da masu addinin Bwiti na Gabon ke ci wurin shigar da sabon ɗan ƙungiya ta zama hajar da ake fitarwa waje, ga ta kuma tana iya tsayar da bugun zuciya.

Me ya kai mushen tarihi na Maraɗi cikin wannan duka? Lemar Meksiko ba ta kasuwarmu, jika ɗari biyar ma ba ta aljihun ƴaƴanmu. Amma zancen yana cikin salularsu, da Faransanci mai daɗi, da kalmomi irin su warkar da ruhi da gano kai da hikimar kakanni. Abin da ke bayan gidajenmu kuwa, bisa juji, zaƙami ne, wanda iyayenmu ba su yi kwana-kwana ba suka sa masa suna haukata-yaro. Shi ba dangin silosibin ba ne ko kaɗan. Dafi ne mai busar da maƙogwaro, ya sa zuciya gudu, jiki ya yi zafi, mutum ya yi kwanaki yana magana da waɗanda ba su nan, ya farka bai tuna komai ba, in ya farka. Ƙarfinsa kuma ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, ba mai iya auna shi da ido. Na taɓa samun ɗalibi ɗan aji uku na kwaleji da abokansa na fada suka jiƙa masa ƴaƴansa cikin shayi don su ga abin da zai yi. Kwana uku ya yi a likita ɗaure da gado. Ya dawo aji, amma shekarar ba ta yi masa kyau ba. Wancan lokaci wauta ce kawai ta yara. Abin da nake tsoro yanzu shi ne yaro mai wayo, mai karatu, wanda ya kalli bidiyo goma ya ɗauka kowane tsiro mai sa gane-gane ƙofar hikima ce, ya kuma ɗauka babban yayansu na fada zai iya zama mai jagora. Irin wannan yaro in ka ce masa "ƙwaya ce" ka tsaya nan, kamar yadda na yi ƙofar gida, dariya zai yi maka, don yana ganin ya fi ka sani.

Bayan ɗan ƙanwata ya koma Faransa na tura masa labarin nan ta WhatsApp, guntu-guntu, cikin saƙon murya. Kwana biyu sai ya turo mini hoton wata riga da abokin nasa ya sayo, da fuskar wata tsohuwa mai tamoji tana zuƙar sigari. Ya ce, "Kawu, ashe ita ce? Shi bai ma san sunanta ba." Na ce ita ce. Na ce ya tambayar mini abokin ko kafin su ba shi abin sun tambaye shi akwai mai taɓin hankali a danginsu, da kuma wa zai kira da a ce bayan sati guda barci ya ƙi zo masa. Ya ce zai tambaya.